Yadda ake gyara haƙoran gaba da suka turo waje

Kafin komai je wajen likitan haƙori a yi maka hoto, don wani gado ne, wani tsotsar yatsa ce tun yana yaro, amma in babba ne haƙoran suka fara buɗewa kwanan nan to galibi ciwon dasashi ne, sai an fara maganinsa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce sa waya. Ana manna ƙananan ƙarafa a kowane haƙori a zura waya, duk bayan sati 4 zuwa 8 ka koma a ɗaure, kwana biyun farko ko tsire ba za ka iya yaga ba wallahi, kuma abin na ɗaukar shekara 1 da rabi zuwa 2, wani sai an cire masa haƙori biyu a samu wuri. Akwai roba mai garau irin Invisalign, ba a ganinta amma ta fi tsada sosai.

Kuɗi kam asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ya fi na kuɗi sauƙi, ka tambaya ko ana biya kashi-kashi. Su masu fere haƙori su ɗora masa hula, ni ban ba ka shawara ba, abin da aka fere ba ya dawowa. In an cire waya, robar dare dole ce, wato robar da ake sawa a haƙoran da dare don kada su koma yadda suke.