Idan gilashin mota ya ƙi tashi

'Yan uwa, kafin ku kai wa mai wayarin, ku fara duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba. Yara kan danna shi, ni ma ya taɓa sa ni yin zufar banza.

In gilasan duka ne suka tsaya, fiyus ake fara zargi, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. In guda ne, ku danna maɓallinsa ku kasa kunne. Kun ji gurnani amma gilashin bai motsa ba? To wayar ƙarfen da ke jansa ce ta tsinke, ko ƙurar hunturu ta cushe robar gefe. A goge robar a fesa mata man silikon, ban da baƙin mai, yana cin roba.

In shiru kuka ji, ku leƙa wayoyin da ke cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, buɗewa da rufewa na karya su.