Kurakuran da sababbin masu neman ƙarfe a bakin teku suka ƙi dainawa

Shekara bakwai ke nan ina yawo da na'urar gano ƙarfe a gaɓar arewa maso yammacin Ingila, daga Formby har Blackpool, kuma babu bazarar da za ta wuce ban haɗu da sabon shiga yana tafka abin da na tafka na ji jiki ba. Bakina ya gaji da maimaita magana a tsaye cikin iska, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na farko, wanda ke cin rai, shi ne fita ba tare da duba jadawalin cikowar ruwa ba. Mu da muka taso inda babban ruwanmu kogi ne ko dam, ba mu san teku na tafiya yana dawowa sau biyu a kwana guda ba. A Southport ruwa kan ja baya fiye da kilomita ɗaya, ya bar maka fili fetal kamar filin Idi. Sai ka sa abin ji a kunne, ka sunkuyar da kai, kana bin ƙara. Ranar da abin ya same ni, idona na kan teku a gabana, ina ganinsa can nesa. Ashe ta baya ya zagayo, ya cika wani kwari da na tsallaka a bushe awa biyu kafin nan. Da ruwa har ƙirji na fito, cikin sanyin Nuwamba, na'urar fam ɗari uku ta sha gishiri ta mutu murus. Ban ma yi kukan na'urar ba sai washegari. A Morecambe, nan kusa da mu, a Fabrairun 2004 ruwa ya ci 'yan Sin 23 masu tonon kifin kwanso a irin wannan yanayin.

Ka riƙe lissafin: kimanin awa shida ne tsakanin ƙarshen janyewa da cikar ruwa, kuma rabin ruwan a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka jadawalin jiya ba na yau ba ne. Ruwa ya fi ja da nisa, ya fi kuma dawowa da gudu, a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Wanda ke bin kwanan watan Musulunci ya riga ya samu rabin ilimin. Ni dai awa biyu kafin ƙarshen janyewa nake shiga, in bi ruwan yana ja, in saita ƙararrawar waya. Tana kaɗawa nake juyawa, ko da na'ura na ihu a ƙarƙashin ƙafata.

Na biyu shi ne ƙyamar shara. Kai da ka sayi na'ura jiya, ka tono murfin gwangwani goma, sai ka hasala ka murɗa saitin tacewa don ta yi shiru a kan alminiyom. To ka rufe wa zinare baki ke nan. Siririn zoben zinare da kunnen gwangwanin lemo da takardar alminiyom duk a lamba kusan ɗaya na'ura ke karanta su. Damina guda na yi ina wannan wautar, ina komawa gida da kwabban Ingila masu tsatsa, ina cewa wurin ba shi da albarka, alhali wani dattijo da ke bin sawuna yana tone duk abin da na tsallake. Wata rana ya buɗe tafinsa ya nuna min zobe, daga gurbin da ƙafata ta taka. Tun daga ranar ƙarfen baƙi kaɗai nake tacewa, sauran duk ina haƙawa. In kana jin nauyin sunkuyawa sau ɗari, wallahi gara ka sayar da na'urar ka sayi ƙugiyar kamun kifi.

Kada ka shiga jiƙaƙƙen yashi da na'ura mai mita ɗaya, wato mai aika sigina a kan zango (frequency) guda kawai. Gishiri na ɗaukar lantarki, sai ta yi ta surutu kamar ƙasar duka ƙarfe ce. Ka tsaya a busasshen yashi, ko ka nemi mai mita da yawa irin Minelab Equinox ko Nokta Legend. Faifan da ke ƙasan na'urar kuma ya riƙa shafar ƙasa a kwance, ba lilo za ka yi da shi ba. Ka wanke komai da ruwan famfo in ka dawo. Ka cike raminka, yara na gudu a wurin. Tsohon sulai kuwa kada ka goge shi da toka da lemon tsami kamar tukunya.

Ba kowane bakin teku ne na kowa ba. Inda hukumar kadarorin masarauta ke da gaɓa an yarda a nema tsakanin iyakar cikowa da ta janyewa, amma gaɓar kogin Thames sai da takardar izini. Dokar tsohuwar dukiyar da aka tono ta 1996 ta ce abin zinare ko azurfa da ya haura shekara 300 sai an sanar da hukuma cikin kwana 14, abin da ya fito daga jirgin da ya nutse kuma, a ƙarƙashin wata dokar daban, cikin kwana 28. In ka tono wani abu mai kama da harsashi ko bam, ragowar Yaƙin Duniya na Biyu, ka bar shi a inda yake, ka ja baya, ka kira 999 ka nemi masu gadin gaɓar teku.

Zoben aure na zamani kuwa tsintuwa ne, ba rikazi (tsohuwar dukiyar da aka binne) ba, kuma malamanmu sun ce cigiyar shekara ake yi. Ina sa hoton wurin da na same shi a shafin Facebook na unguwar, in ɓoye rubutun da ke cikin zoben, wanda ya faɗe shi daidai ya zo ya karɓa. Biyu sun koma hannun masu su, ɗaya na nan a gwangwanin shayi yana jira.