Kafin ka ba mai haɗa wuta aikin gidanka

'Yan uwa, in za ku ba injiniya aikin wutar gida, ku nemi lambar rajistarsa ta COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, sannan ku duba sunansa a kundin hukumar da ke intanet. Kalmar "Engr." a jikin kati ba hujja ba ce, kowa na iya bugawa a shagon buga takardu. Shi kuwa ɗan kwangilar haɗa wayoyi, takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin haɗa wutar lantarki, ake nema a wurinsa, kuma tana da wa'adi, don haka a duba ko ta ƙare. In da sunan kamfani ya zo, a bincika shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Waɗansu kan ari takardar maigidansu, to a tabbatar sunan da ke jiki nasa ne kafin a ba da kafin alƙalami.