Darasi na Bakwai: Shin Itace a Gona Yana Biyan Wurin da Ya Ci?

Mai ƙaramar gona ba ya barin wani abu ya tare masa wuri sai ya san abin da zai samu a madadinsa, don haka maganar haɗa itatuwa da shuka magana ce ta lissafin riba da asara.

Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun riga sun yi wannan lissafi. Wajen shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da saiwa mai rai, kuma idan aka kula da tohonsu za su koma itatuwa. Aka kira hanyar sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Abin da ya sa talaka ya karɓe ta shi ne rashin tsada. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. Lokacin sassabe manomi ya zaɓi kututture mai kyau, ya bar masa rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran da adda mai kaifi, sannan ya riƙa rage ƙananan rassan ƙasa kowace shekara. Abin da ya datse ɗin ma itacen girki ne, wanda da sai matan gida sun yi doguwar tafiya ko an fitar da kuɗi kafin a same shi.

Gawo ya fi kowane itace dacewa da gonar hatsi, domin yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da gero da dawa suke neman rana, ya kuma yi sabon ganye da rani. Ganyen da ya zube taki ne, 'ya'yansa abincin awaki da tumaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suke hutawa a inuwarsa kuma suna barin kashinsu a gonar. Ɗorawa da kaɗanya suna da inuwa mai kauri wadda take rage amfanin da ke ƙarƙashinsu, amma kalwa da man kaɗe suna da kasuwa, saboda haka a bar su jefi-jefi, kada su yi cunkoso. Kuka, tsamiya da magarya su ma suna kawo kuɗin cefane a shekarar da damina ta gaza, kuma a ganina wannan ce ribar da ta fi muhimmanci ga iyali.

Akwai wahala da bai kamata a ɓoye ba. Shekarun farko aiki ne kawai, ga dabbobin sake da masu sara da dare, shi ya sa yarjejeniya tsakanin manoma, makiyaya da mai gari ta zama dole. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina kuma ya fara jin ta bakin mai ita a gaban shaidu, a san wa zai ci amfanin itacen.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ƙirga kututturan gonarsa masu toho, ya rubuta sunayensu, ya kuma rubuta kuɗin da gidansa ya kashe a kan itacen girki da abincin dabbobi a ranin da ya wuce.