Darasi: Idan Abinci Bai Karɓi Mutum Ba

Akwai yaron da in ya sha kunun gyaɗa ko minti goma ba a yi sai ka ga leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa a wuya da ciki yana ta susa, wani har da amai. A gida sai a ce shawara ce ko an yi masa baki. Toh ba haka bane, garkuwar jikinsa ce ta ɗauki gyaɗar a matsayin cuta take yaƙarta, kuma ko ɗan lasa ya yi ya isa. Yawanci alamun na fitowa daga 'yan mintuna zuwa awa 2 bayan cin abincin.

Abincin da suka fi jawo wannan su ne gyaɗa, nono da madara, ƙwai, kifi, jatan lande, waken suya, alkama, riɗi da kashu. Madara da ƙwai yara da yawa na rabuwa da matsalarsu in sun girma, amma ta gyaɗa da kifi ta fi naci. Babba ma yana iya wayar gari abin da ya saba ci ya daina karɓarsa.

Wahalar gyaɗa ita ce ɓuya take yi. Tana cikin yajin tsire tunda da ƙuli ake haɗa shi, tana cikin kilishi, miyar taushe, kwaɗon rama da zogale, garin kunun yara na tom brown, ga man gyaɗa na gida da ake suya da shi. Awara kuwa waken suya ce zalla. Don haka a gidan biki ko wajen mai abinci a daure a tambaya me aka sa a ciki, a daina jin kunya don Allah, kuma a faɗa wa kaka da malamin makaranta da maƙwabta, don su ne masu miƙa wa yaro abu saboda ƙauna. Cokali da tukunya ma a wanke da sabulu kafin a zuba masa nasa.

Wanda in ya sha fura da nono cikinsa ke kumburi yana ƙugi da zawo kawai, sau da yawa cikinsa ne bai iya narkar da sukarin madara ba, wannan daban ne, ma'aikacin lafiya ne zai bambance.

In ƙaiƙayi ne kaɗai, Piriton na rage shi. Amma da zarar harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na fita da ƙyar, ko jiri ya kwashe shi, babu zancen jira, asibiti za a yi nan take don allurar adrenalin ce maganinsa, a cinya ake yi. Kafin a samu mota ko Keke a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya yi tsanani a bar shi a zaune. Kar a ɗura masa manja ko madara ko jiƙo, kar a sa masa yatsa wai ya yi amai.

Aikin gida: a samu ƙaramin littafi, duk ranar da alama ta fito a rubuta kwanan wata, abin da aka ci, da ƙarfe nawa ta fara. Shi za a nuna wa likita.