Yadda ake karanta boltej a jikin ƙaramar bireka

Mafi yawan masu sayen bireka, wato na'urar da ke yanke wutar lantarki in ta yi yawa, lambar amfiya (ma'aunin yawan wuta) kawai suke dubawa, C16 ko C32. Kusa da ita akwai wani ƙaramin rubutu, galibi 230/400V~, wanda tsallake shi kan jawo gobara.

Boltej ba shi ke sa bireka ta faɗi ba, yawan wutar da ke ratsa ta ne. Lambar boltej tana nuna iyakar ƙarfin da za ta iya kashe tartsatsin da ke tashi tsakanin haƙoranta lokacin da suka rabu. Don haka lambar ta yi daidai da boltej ɗin layinka ko ta fi shi. Bireka mai 400V a layin 230V ba matsala. Akasin haka ne haɗari.

A bireka mai ƙafa ɗaya, wato mai yanke waya ɗaya, 230 na nufin tsakanin layi da nutural, 400 kuma tsakanin layi da layi a tsarin layi uku. Alamar ~ na nufin AC, wato irin wutar gida mai kai da komowa. In ka buɗe takardar kamfani za ka ga Ue, shi ne boltej ɗin aiki. Ui, wanda sau da yawa 500V ne, juriyar rufin jikinta ce kawai, kada ka yi lissafi da shi. Lambar da ke cikin ɗan akwati, kamar 6000, amfiyar da za ta iya yankewa ce in waya ta haɗe, kuma a kan Ue aka gwada ta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne aikin sola. Wutar AC mai 50Hz tana sauka sifiri sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi na mutuwa da sauƙi. DC, wato wutar fanel da batir mai tafiya hanya ɗaya, ba ta sauka. Sa birekar AC a layin fanel, ranar da aka ja ta ana cikin rana tsaka tartsatsin zai ci gaba da ci har robar ta narke.

Lissafin ba wuya. Duba Voc a bayan fanel, wato boltej ɗin da yake bayarwa in ba a jona masa komai ba, ka ninka da yawan waɗanda ka jera a layi ɗaya. Shida masu 50V sun ba da 300V. Ƙara kamar kashi 20 cikin 100, domin sanyi na ɗaga Voc, ka samu 360V. Birekar DC mai 500V ce ta dace. Irin waɗannan galibi 250V ce kowace ƙafa, sai wutar ta ratsa ƙafafun biyu yadda zanen kamfani ya nuna kafin a samu 500V.

In akwai + da − a bakinta, bi su sau da ƙafa. Akwai maganaɗisu a ciki mai jan tartsatsi zuwa ɗakin kashe shi, in aka juya waya sai ya tura shi nesa da ɗakin. A layin batir, inda wuta ke shiga tana fita, nemi wadda ba ta da wannan alama.