Shirya keke da zaɓen taya domin doguwar tafiya daga Jos

Wanda ya yi niyyar hawa keke daga Jos zuwa Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 130, ko zuwa Pankshin ta Barikin Ladi da Mangu, ya kamata ya san cewa ba ƙarfin ƙafa ne yake fara ƙarewa a irin wannan tafiya ba. Abin da ya fi tsayar da mahaya a gefen titi shi ne taya, sai birki, sai sirdin da bai dace da jiki ba. A ƙasashen da wasan doguwar tafiya a kan keke ya kafu, masu shirya tafiyar juriya suna ba mahayi awa 13 da rabi ya gama kilomita 200, awa 40 kuma ya gama kilomita 600, babbar tafiyarsu ta Paris zuwa Brest da dawowa a ƙasar Faransa kuwa kilomita 1,200 ce cikin awa 90, ana yin ta duk bayan shekara huɗu. Ƙa'idarsu ita ce mahayi ya ɗauki nauyin kansa tsakanin zango da zango, ya gyara abin da ya lalace da hannunsa. Wannan ƙa'ida ta fi dacewa da mu, domin da zarar ka wuce Bukuru ko Tilden Fulani, zai yi wuya ka samu mai sayar da kayan keken tsere.

A fara da sanin girman ƙafar keken. A jikin kowace taya ta kirki akwai lambobi biyu da aka raba da ɗan layi, misali 32-622. Ta farko faɗin tayar ce da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ce a inda tayar take zama. Lambar 622 ita ce ta keken tsere da ake rubuta wa 700C, ita ce kuma ta keken dutse mai inci 29. Lambar 559 ta keken dutse mai inci 26 ce, wanda ya cika kasuwannin gwanjo, 584 ta mai inci 27.5 ce, 635 kuwa ta tsohon baƙin keken da iyayenmu suka hau ce, irin su Raleigh da Phoenix. Kada ka dogara da lissafin inci, domin tayar 622 da ta 635 duka ana iya kiran su inci 28 a kasuwa, alhali ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Ka rubuta lambar a takarda ka tafi da ita wurin mai shago, ka kuma duba jikin tayar da idonka kafin ka biya kuɗi.

Sai batun faɗi, kuma a nan ne ra'ayina ya saɓa da na samari da yawa masu sha'awar tsere. An daɗe ana ɗauka cewa siririyar taya mai milimita 23 wadda aka cika da iska har ta yi tauri ita ce mafi gudu. Hakan yana iya zama gaskiya a kan titi mai santsi ƙwarai, amma a kan kwaltar da ta farfashe, ga faci a kan faci, ga tsakuwa a gefe, taya mai tauri tsalle take yi, kuma kowane tsalle ƙarfin mahayi ne yake zubewa a banza, yana komawa girgiza a tafin hannu da ƙugu da wuya. Taya mai faɗi wadda aka rage wa iska tana lanƙwasawa ta haɗiye gargadar, ƙafar keken ta ci gaba da birgima. Shi ya sa ko ƙwararrun 'yan tsere na Turai yanzu sun koma milimita 28 zuwa sama. Ga hanyoyinmu, ina ganin milimita 32 ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi doguwar tafiya da shi, idan kuwa hanyar ta haɗa da burji ko jar ƙasa, irin wadda ake bi a shiga ƙauyukan da ke gindin duwatsun Shere, to 38 zuwa 42 ta fi. Sharaɗi ɗaya ne: jikin keken ya ɗauke ta. Bayan ka ɗaura tayar ka buga iska, ka tabbata akwai ratar aƙalla milimita 4 tsakaninta da ƙarfen keken ta kowane ɓangare, kuma da damina a ƙara ratar, saboda jan laka yana manne wa taya ya riƙa goge jikin keken.

Ƙirar fuskar tayar ba ta da wuyar zaɓe. Idan yawancin tafiyar a kwalta ce, a ɗauki mai sumul ko mai ƙananan zane, domin manyan haƙoran tayar keken dutse ƙugi kawai suke yi suna cin ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci yana ciki, wato shimfiɗar kariya da ake sakawa a ƙarƙashin robar. Tayoyi irin su Schwalbe Marathon da Continental Gatorskin sun yi suna ne saboda wannan shimfiɗa. Sun fi nauyi, sun kuma ɗan fi jan ƙafa, amma a hanyar da tsidau yake fitowa a gefenta, ga fasassun kwalabe a kusa da tasha, ga siraran wayoyin ƙarfe da tayoyin tirela suke zubarwa idan sun fashe, nauyin nan ya biya kuɗinsa. Wayar tirela ta fi kowane abu cin rai, domin siririya ce ƙwarai, tana shiga ta ɓuya a cikin roba, ka yi faci ka mayar da tub, bayan 'yan kilomita ta sake huda shi a wuri guda. Saboda haka duk lokacin da ka cire taya, ka bi cikinta da yatsa a hankali har ka zagaye, ko ka goga ɗan auduga, zaren zai maƙale a inda wayar take.

Game da tayar gwanjo, a lanƙwasa gefenta a cikin haske a duba. Idan an ga ƙananan tsage-tsage, ko zare ya fara leƙowa, ko tsakiyar ta baje ta zama shafal, a bar ta komai arharta. Taya mai kyau a gaba ake sa ta, domin fashewar tayar gaba a gangare ita ce take kayar da mutum.

Iska kuwa da ma'auni ake buga ta, ba da matsa taya da babban yatsa ba. Mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 75 a kan taya mai milimita 32 zai iya farawa da kimanin psi 55 zuwa 60 (psi shi ne awon ƙarfin iska da ma'aunin yake nunawa), mai milimita 40 kuma da 40 zuwa 45, ta gaba ta gaza ta baya da kaɗan tunda nauyin ya fi sauka a baya, sannan a ƙara idan an ɗora kaya. Idan iskar ta yi ƙasa ainun, bakin rami zai matse tub a jikin rim ya yi masa huda biyu a jere, wannan alama ce ta a ƙara. Kada a taɓa wuce iyakar da aka rubuta a jikin taya. A kuma lura da bawul: masu facin gefen hanya injinsu na bakin bawul ɗin mota ne, wato Schrader, kekunan tsere kuwa yawanci siririn bawul na Presta ne da su. Ɗan mahaɗin tagulla da ake ɗaurawa a kan Presta bai kai kan yatsa girma ba, ka saye shi ka ajiye a jakar faci. Idan mai faci zai buga maka, ka roƙe shi ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan, domin injin da aka yi don tayar mota yana cika ta keke cikin daƙiƙu.

Akwai tsarin taya marar tub, wanda ake zuba wani ruwa mai kauri a ciki yana toshe ƙananan huda da kansa. Yana da amfani ƙwarai a kan ƙaya, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, ya fi saurin bushewa da zafi, kuma ba ko'ina ake samun sa ba. Wanda ya zaɓe shi ma dole ne ya riƙe tub a jaka. Ga mai fara doguwar tafiya, na fi son ya zauna a kan tub, abin da kowane mai gyaran keke a ƙauye ya san kansa.

Birki yana buƙatar kulawa ta musamman ga duk wanda zai sauka daga tudun Jos, garin da yake sama da teku da kimanin mita 1,200. Kowace hanyar sauka daga tudun ka bi gangare ne, mafi tsanani kuma shi ne Hawan Kibo a hanyar Akwanga, inda manyan motoci suka saba samun hatsari. Idan birkinka mai kama rim ne, riƙe shi ba sakewa a dogon gangare yana zafafa rim har tub ya iya fashewa. Dabarar ita ce a matsa sosai gudu ya ragu, a saki, a sake matsawa, ana amfani da gaba da baya tare, idan kuma rim ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa a tsaya ya huce. Kafin tafiya a duba robar birki ko ta cinye, a cire tsakuwar da ta nutse a cikinta, a canza wayar da ta fara warwarewa.

Sarƙa ana auna ta da ma'aunin tela ko rula: mahaɗai 12 cikakku na sabuwar sarƙa (cikakken mahaɗi shi ne na ciki da na waje a haɗe) inci 12 ne daidai, idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama abin da yake cin haƙoran giya, don haka a ɗiga mai kaɗan a kan kowane mahaɗi, a goge ragowar da tsumma, a guji baƙin man inji da aka juye daga mota.

Jakar gyara ta ƙunshi tub biyu, faci da sholisho wanda aka tabbatar bai bushe a cikin kwalinsa ba, abin ɓamɓare taya guda biyu, famfon hannu da aka gwada a gida, alanki masu girman 4 da 5 da 6, mahaɗin sarƙa na gaggawa wanda ya dace da yawan giyar keken, da ɗan yankin tsohuwar taya da aka yanke wa wayar baki, wanda ake shimfiɗawa ta ciki idan kwalba ta tsaga tayar. A haɗa da fitilar gaba da jar fitilar baya, da hular kwano, da riga mai ɗaukar ido. Gorar ruwa biyu ce mafi ƙaranci, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, a ci dabino ko ayaba ko ƙuli-ƙuli duk bayan ɗan lokaci. Mai fita bayan sallar asuba a watan Disamba ko Janairu zai bar Jos cikin sanyi mai ratsa yatsu, ya isa Bauchi cikin rana mai zafi, saboda haka rigar sama mai sauƙin naɗewa da safar hannu sun fi babbar rigar sanyi amfani.

Duk abin da aka canza, taya ce ko sirdi ko tsayin kan keken, a gama shi aƙalla mako biyu kafin ranar tafiya, a gwada shi da cikakken kaya a tafiyar kilomita 50 zuwa 60, misali zuwa wajen Heipang a dawo. A daren tafiya a sake auna iska, a tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki ta fuskar tsaro da gyaran titi, a sanar da mutanen gida hanyar da za a bi da garuruwan da za a yada zango, a kuma tsara lokaci yadda za a sauka kafin magariba.